Layi na Ɗari Biyu da Sha Bakwai

Mun zo Runjin Sambo da kwamfutar hannu goma sha biyu
da wani abu mai kama da agogo
da ake ɗaura wa yaro a tsintsiyar hannu
ya riƙa ƙirga bugun zuciyarsa.
Wasan kuwa, jar akuya ce
ke tsallake kunyoyin dankali a bakin Rima.
Ka yi nawar yatsa, mai lambu ya cafke ta.

Aikina in koya wa na'ura gane daɗi.
Da dare nakan zauna da fuskokin 'yan aji uku,
in ce mata: wannan murna, wannan gundura,
wannan hamma ce kawai, kada ki zaci kuka.
Sau dubu huɗu na faɗa mata.
Ita ba ta gajiya. Ni ke gyangyaɗi.

Lauwali ta haddace tun makon farko.
Shi ko akuyar ta afka rijiya
sai ya ƙyalƙyale, giɓinsa a waje.
Tasa'in da takwas cikin ɗari.
Ban gaya mata ba
haka yake dariya ko an zane shi don latti.

Kulu ce ta gagare ta.
Takan haɗe gira, ta ciji leɓe,
in dariya ta taso ta ja gefen hijabi ta danne,
don kakarta ta ce ɗiya ba ta wage baki gaban baƙi.
Kunya take tsallakewa a kan gilashi,
wata kunyar na tsaye a bakinta.
Na'ura ta duba, ta auna, ta yanke:
goma sha ɗaya, yarinyar nan ba ta so.
Amma da aka kaɗa ƙararrawa
sai da na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya.
"Malama, dakanta. Guda ɗai ta rage."

Ranar Laraba zafi ya kai inda ya kai.
Kwano na ƙara a kanmu, batir ya kumbura,
allunan suka mutu a hannunsu
kamar fitilun da mai ya ƙare musu.
Hedimasta ya ce su fita su sha iska.
Na tattara agogunan, sha ɗaya,
ban ƙirga ba, ina neman ruwan sha.

Ta taga na hango su ƙarƙashin dogonyaro,
kowa ya kama ƙafa guda ta baya,
ana langa.
Jabbi, wanda bai taɓa wuce kunya ta uku ba,
wanda na'ura ta sa cikin marasa kuzari,
ya ture biyu, ya kauce wa na uku,
ya kai ga sha yana ihu, wandonsa a yage.
Na sha biyun yana ɗaure a hannunsa.

Yanzu ga shi gabana, ƙarfe ɗaya na dare.
Layi na ɗari biyu da sha bakwai.
Zuciya ta hau inda ba ta taɓa hawa ba,
ta sauka, ta sake hawa, minti goma sha tara.
Babu fuska, babu taɓin yatsa, babu maki.
Na'ura ta shafa masa ja: kuskure, a goge.

Dokta Modi ya ce, ai gudu ne kawai,
ko kare ya bi ka haka zuciya za ta yi,
kuma abin da bai faru cikin wasanmu ba, ba namu ba ne.
Yana da gaskiya.
Ni ma ba zan iya rantsewa ba
da lambobin nan kaɗai.
Tagar ce ba shi da ita.

Yatsana ya daɗe a saman maballin.
Da wasan akuya ne, da tuni an kama ni.

Ban goge ba.
A gefen layin, inda ake rubuta dalili,
na rubuta: langa.
Kwamfuta ta ja wa kalmar jan layi,
tana tambaya ko wani abu nake nufi.